Shekarar da Layinmu Ya Ɗauka An Kori Maigidana

Da aka buɗe gari bayan kullen korona, duk mazan layinmu a Kwaciri suka koma fita. Tun da sassafe za ka ji ana buga ƙofofi, 'yan Kantin Kwari na sauri, masu adaidaita sahu na ɗumama inji. Kafin ƙarfe tara layin ya zama na mata da awaki. Namiji ɗaya ne ya rage a gida, shi ne maigidana.

A wani kamfani yake aiki a Sabon Gari, masu kai wa mutane kaya garuruwa. Aikinsa shi ne ya san wace mota ta ɗauki kayan wa, ina ta kai, me ya tsayar da ita. Lokacin kulle suka ba shi kwamfuta suka ce ya riƙa yi daga gida. Da aka buɗe kuma suka ce ya ci gaba tukuna, tunda aikin yana tafiya. Ni a aji shida na bar makaranta, saboda haka ba zan ce na gane komai ba. Abin da na sani shi ne yana zama a gaban tebur daga safe zuwa la'asar, yana faɗa da direbobi a waya, wani lokaci kuma fuskokin mutane su fito a gilashin ya yi ta Turanci da su. Wannan shi ake kira mitin.

Ɗaki da falo muke haya. Bayan teburinsa akwai kabad ɗin kwanukana, da igiyar da nake shanya kayan 'yarmu idan ana ruwa. Ranar mitin na farko ya waiga ya ce, "Duk wannan za su gani fa." Sai na ɗauko wata atamfa cikin kayan lefena da ban ɗinka ba, shuɗiya mai ganye-ganye, na rataya a bayansa. Ƙusa ɗaya tana da ƙarfi, ɗayar kuwa bangon ya ƙi riƙe ta. Don haka duk ranar mitin nakan tsaya a bayan atamfar in riƙe gefe ɗaya da hannu, 'yata goye a bayana, ina jijjiga ta kada ta yi kuka. Shi kuma yana gaba, sama riga mai guga har da maɓallin wuya, ƙasa tsohon wandon barci da silifas. Manajan labule yake ce min.

"Manaja, saura minti biyar."

"Malam, tukunya na kan wuta."

"A rage wutar, kamfani na jiran ki."

Gaskiya na ji daɗin zamansa a gida, kuma dalilina ba na soyayya ba ne kawai. 'Yarmu tana wata takwas ta yi zazzaɓi mai zafi. Da rana tsaka, ina cikin miya, na ga idonta ya juye jikinta yana karkarwa. Na tsaya riƙe da ludayi, ƙafata ta ƙi motsi, ko ihu ban iya yi ba. Shi ne ya ture kujera, ya sungume ta, ya fita da gudu ba takalmi ya tare adaidaita, ni kuma na bi shi. Likita ya ce zafin jiki ne ya yi yawa, sau da yawa ba ya dawowa. Da muka dawo da yamma na tarar da tukunyata a sauke da murfi, ƙofa a jawo. Na ce a raina ashe cikin ruɗewa na yi wannan ban sani ba.

Tun daga ranar hannuna bai bar goshin yarinyar nan ba. Tana wasa in taɓa, tana barci in taɓa, in taɓa nawa in gwada, in sake taɓa nata. Ga shi 'yar fari ce. A gidanmu an koya mana kunyar ɗan fari: ba ka kiran sunansa, ba ka nuna ka damu da shi a gaban manya. Idan wata babba ta shigo sai in ajiye ta a tabarma in yi kamar 'yar maƙwabta ce, ina kallon ta ta gefen ido. Mahaifiyata tana can ƙauye. Ban faɗa wa kowa tsorona ba. Abin da ke kwantar min da hankali kawai shi ne in ji ƙarar maɓallan kwamfuta a falo, in san akwai wanda ƙafarsa za ta motsa idan tawa ta ƙi.

Gidan da ke kallon namu na wani Alhaji ne mai shagon atamfa a Kwari. Matarsa, Hajiya, ta haifi kamata har da ƙari. Doguwa ce, muryarta kuma idan ta yi sallama a farkon layi sai na ƙarshe ya amsa. Wata Talata bayan azahar ta shigo mana, wannan karon da sallama ƙasa-ƙasa. Ta zaro kwano daga cikin hijabinta ta ajiye min a bakin kicin. Tuwon shinkafa ne da miyar taushe, har da tsoka uku.

A unguwarmu aiko kwano ake yi a fili, kowa ya gani. Idan babbar mace ta ɗauko da kanta ta ɓoye cikin hijabi, to ba ta so a san ta kawo. Na lura da wannan, amma ban kawo komai a raina ba. Muka cinye. Na wanke kwanon, kuma tunda ba a mayar da kwano haka nan, na ƙulla sukari a leda na sa a ciki. Da na kai mata ta buɗe, ta ciro sukarin ta danƙa min a hannu ta rufe yatsuna a kai.

"'Yar nan, ba yanzu ba. Ku riƙe. Idan Allah ya buɗa kya kawo."

Na dawo gida ina juya maganar. Idan Allah ya buɗa me?

Cikin sati biyu na gane. Matar tela ta kawo ɗan wake, ita ma cikin mayafi. Wata daga kwanar layi da ko gaisawa sosai ba ma yi ta kawo mudun shinkafa ta ce wai ta yi musu yawa. Mai kayan miya ya fara ƙara min tumatir ba tare da na roƙa ba. Idan na haɗu da mata a wajen famfo, bayan ina kwana sai su ƙara da, "Ya haƙuri?" Ni kuma ba wanda ya rasu a gidanmu. Sun ga wata uku namiji mai lafiya bai fita ba sai masallaci, sun haɗa lissafinsu: an kore shi daga aiki, muna ɓoyewa. Ba wanda zai tambaya, don tambayar cin fuska ce. Sai dai a kawo kwano.

Shi kuwa bai san komai ba. Ya dawo daga sallar la'asar ya ce, "Mutanen layin nan kirki gare su. Yau Alhaji ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, yana ta yi min addu'ar buɗi."

Na ce, "Allah sarki," na juya na ci gaba da wanke-wanke.

Sau ɗaya na gwada faɗin gaskiya. Na ce, "Hajiya, yana aiki fa. A kwamfuta yake yi."

Ta dube ni da tausayi ta dafa kafaɗata. "Allah ya yi miki albarka. Haka ake so mace ta rufa wa mijinta asiri."

Da na so, da na ja ta falo ta gani da idonta. Ban so ba. Dalili kuwa, a daidai lokacin shugabarsu ta ce kowa ya zaɓa kafin Juma'ar ƙarshen wata: ko ya koma ofis ko ya ci gaba daga gida. Maigidana yana tsaka-tsaki. Yau ya ce gida ya fi, ba cunkoson hanya, ba zafin adaidaita. Gobe idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki ya ce ina ma ofis, ga janareta, ga abokan hira, ga wata mai abinci a bayan ofishinsu da yake yawan yabon farfesunta har ya fara ba ni haushi. Na san halinsa. Idan ya ji layi guda na yi masa kallon wanda aka kora, a ranar zai goge wando. Sai na yi shiru. Ina karɓar kwano ina cewa an gode, ina zuba masa yana santi, ni kuma na san a kan ƙarya ake kawo mana. Amma ina ci, don miyar Hajiya ba ta da ta biyu.

Ranar Alhamis, saura kwana ɗaya ya ba da amsa, aka sa mitin ƙarfe goma sha ɗaya. Na shiga bayan atamfa na riƙe gefena, yarinya a baya tana tsotsar yatsa. Ana cikin Turanci sai na ji sallamar Hajiya a tsakar gida, kuma ba ƙasa-ƙasa ba, da cikakkiyar muryarta. Ban iya amsawa ba. Ta sake. Na yi shiru ina addu'ar ta juya. Da ta ji shiru kuma ga takalma a ƙofa, sai ta ɗaga labulen falo ta shigo.

Ka tsaya ka ga abin da ta gani. Namiji da riga mai guga da wandon barci, yana magana shi kaɗai da gilashi. Matarsa kuma ta laɓe a bayan zani a tsakiyar ɗaki.

"Subhanallahi! Abin har ya kai haka?" Ta matso kusa da shi. "Ɗana, bar wannan wasan. Albishirinka. Alhaji ya ce gobe ka same shi a Kwari, ya samar maka wuri a shago. Aiki ba ya ƙarewa a duniya don wasu sun kore ka."

Hannuna ya saki atamfar. Ta zube ƙasa, ta tafi da ƙusar kirkin ma. Ga ni tsaye da ɗankwali a karkace, ga kwanuka, ga wandunan yarinya a igiya, ga fuskoki shida a gilashi suna kallon mu.

Sai wata murya ta mace ta fito daga kwamfutar, da Hausa tas. "Mama, ina kwana? An tashi lafiya?"

Shugabarsu ce, wadda suke ce wa Madam. Kirista ce, iyayenta daga kudu suka zo, amma a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gishiri. Hajiya ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Lafiya lau. Wa ke magana a ciki?"

"Ni ce shugabarsa a wurin aiki."

"Au! Ke ce kika kore shi? Baiwar Allah, da iyalinsa da jaririya? Me ya yi miki?"

Wani a cikin fuskokin ya kife kansa a tebur, kafaɗarsa na rawa. Madam ta dafe ƙirji. "Ni? Mama, in na kore shi wa zai nemo min motata da ta tsaya a hanyar Zariya tun jiya? Aiki yake yi yanzu haka, ke kika katse mu."

"Aiki? To me ya zaunar da shi a ɗaki wata da watanni kamar mai jego?"

"Haka muke yi yanzu. Ni ma daga kicin nake miki magana. Duba." Ta juya abin nata, sai ga tukunya a kan risho tana tururi.

Hajiya ta miƙe tsaye a hankali. Ta dubi gilashi, ta dubi wandon barcin, ta dube ni. "Ikon Allah. Kuma ana ba shi albashi a haka?"

"Duk wata, Mama."

"To tuwon da na yi ta kawowa fa?"

Nan kowa ya fashe, har wani mai farin gemu da ban taɓa jin ya yi dariya ba duk tsawon tsayuwata a bayan zani. Madam tana share ido ta ce, "Mama, daga gobe ni za ki riƙa aiko wa, ni ce abin tausayi." Sannan ta hango ni ina ƙoƙarin sulalewa. "Tsaya, tsaya! Ke ce mai labulen? Sannu 'yar'uwa. Mun daɗe muna ganin yatsunki a gefen atamfar nan. Duk ranar da kika sake lalle sai mun yi maganarsa bayan mitin."

Wallahi da ƙasa za ta buɗe da na shige. Ni da nake ganin na ɓuya.

Da aka rufe kwamfuta Hajiya ta fita tana salati. Maigidana ya zauna yana kallon atamfar a ƙasa. Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne.

"Kin sani?"

"Na sani, Malam."

"Tun yaushe?"

"Tun ɗan waken matar tela."

"Kika bar ni ina ta santi ina cewa mutane kirki gare su? Har Alhaji yana yi min addu'ar buɗi ina cewa amin da ƙarfi?"

Dariya ta so kama shi, amma ya ga idona ya cika. Sai na faɗa masa duka. Na ce na san in ya ji zai koma ofis, ni kuma ina tsoron ranar da abin nan zai sake kama yarinyar ina ni kaɗai, in tsaya da ludayi a hannu ba wanda zai ɗauke ta. Ban taɓa faɗin wannan da baki ba sai ranar.

"Ke kaɗai?"

Ba shi ya faɗa ba. Hajiya ce daga tsakar gida. Ashe ba ta tafi ba, akuyar maƙwabta ta ture mata takalmi ɗaya tana nema. Ta leƙo da takalmin a hannu.

"Ranar da mijinki ya fita da gudu ba takalmi, wa kike tsammani ya sauke miki tukunya? Wa ya kashe wutar, ya jawo miki ƙofa? Aljanu?"

Ta ba kanta amsa.

"Ni da matar tela muka shigo. Miyar ma gishirinta bai ji ba, na ƙara. Duk motsin gidan nan ina gani ta tagata. Kukan yarinyar nan na yunwa na san shi, na rigima na san shi. Kina ajiye ta a tabarma idan na shigo kina wani kau da kai, kina tsammani ban ga hannunki yana kai wa goshinta ba? Mu ma mun yi kunyar ɗan fari, 'yar nan, amma ni ba surukarki ba ce. Taku goma ne tsakanin ƙofarki da tawa."

Ta sa takalminta ta tafi. A bakin ƙofa ta waigo ta ce wa maigidana, "Kai kuma ka sayi wandon kirki."

Da la'asar ya ce in ina so zai ce wa Madam ya zaɓi gida, maganar mutane ba za ta kashe shi ba. Na san da gaske yake. Na kuma san yadda yake leƙa taga idan ya ji adaidaita ta wuce, da yadda yake jan hira da direbobi a waya bayan maganar aiki ta ƙare, don kawai ya ji muryar wani namiji. Na ɗauko dutsen guga na tambaye shi wane wando zai sa ranar Litinin. Ya ce zai roƙa a bar masa Juma'a a gida, aka kuma bar masa.

Ranar Litinin ya fito tsaf, sama da ƙasa duk da guga. Hajiya tana bakin ƙofarta kamar an aiko ta. Ta ɗaga murya yadda har na kwanar layi za su ji: "A dawo lafiya, ma'aikaci! A gaida Madam!" Tagogi suka buɗe. Mai kayan miya ya ɗaga masa hannu, kuma daga ranar tumatir ɗina ya koma yadda yake a da.

Gidan ya yi min shiru. Na share inda ba datti, na goge teburinsa sau biyu. Wajen azahar na taɓa goshin yarinya na ji ɗumi. Na ɗauki waya, har na nemo lambarsa. Sai na ajiye. Na goya ta, na ja hijabi, na tsallaka. Na ƙirga, taku goma sha uku ne, amma ƙafar Hajiya ta fi tawa tsawo.

Ta karɓe ta, ta sa bayan hannu a wuyanta, ta buɗe bakinta ta duba dasashi. "Haƙori ne ke zuwa. Zauna. In ya ƙaru kafin la'asar mu tafi asibiti tare, ga hijabina a rataye." Muka zauna ina tsince mata shinkafa, ita tana ba ni labarin yadda ɗanta na fari ya taɓa haɗiye ƙwallon dabino ta yi ta ihu har liman ya fito. A gabanta na taɓa goshin 'yata sau ba adadi, ba ta ko ɗaga kai ba. Kafin la'asar jikin ya yi sanyi, yarinya tana jan kunnen kyanwar gidan.

Da ya dawo da yamma, da ƙullin farfesun matar nan a leda, ya tambaye ni ya gida. Na ce lafiya lau. Na ɗanɗana farfesun, kuma don Allah ba wani abin a zo a gani ba ne.

Atamfar na kai wa tela ya ɗinka min da ƙaramar Sallah, har da 'yar riga ta yarinya. Da muka je gaida Madam a Sabon Gari, tana buɗe ƙofa ta ƙwala wa 'ya'yanta kira, "Ku fito ku ga bangon ofishinmu ya zo yawon Sallah!"

Har yanzu duk Juma'a, idan maigidana yana falo da kwamfutarsa, Hajiya takan kawo kwano. Yanzu a fili take ɗauko shi, tana tafe tana faɗa wa duk wanda ta gamu da shi cewa na ɗanta ne, yau ranar da ba shi da aiki. Ya gaji da yi mata bayani. Ni kuma in na wanke kwanon nakan ƙulla sukari in sa a ciki, tana karɓa.